Ƙaryar da Na Yi wa Mai Walda a Tudun Wada

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka. Sunana Ishaya, direban a-kori-kura ne ni, daga gonakin Doguwa nake ɗauko kaya in kai kasuwanni. Da yawanku kun ga tabon hannuwan nan, kun ji an ce na shiga wuta na ceci mutum. Yau na tsaya in faɗa muku sauran labarin da ba ku ji ba.

Ran nan tumatir na ɗauko, zan kai Ƙafin Maiyaki. A hanyar daji na faɗa wani rami, na ji ƙas daga baya. Da na leƙa, shasi ne ya tsage, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, kuma tsagin dab da tankin mai. Na lallaɓa da ita har Tudun Wada, wajen Malam Hamisu mai walda. Shekara da shekaru shi ke min aiki. Ko ruwa na roƙa, a kofinsa yake ba ni.

Ya durƙusa ya duba, ya ce, "Ishaya, wannan sai an sauke tanki."

Na ce, "Haba Malam, rana ta yi, tumatir ne a sama. Ai tankin ma kusan babu komai a ciki."

Ya ce, "Shi ne ma ya fi haɗari. Tankin da mai ya yi ƙasa, tururin fetur ne cike da shi. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi."

Na yi ta magiya, na yi ta magiya. Can ya dube ni ya ce, "To faɗa min gaskiya, yana yoyo?"

'Yan'uwa, yana yoyo. Sati uku ina liƙe wurin da sabulu, ko da safiyar ranar na ƙara liƙewa. Amma na dubi mutumin nan ido cikin ido na ce, "Ko ɗigo ba ya yi."

Ya jiƙa buhu ya rufe gefen tankin, ya tayar da janareta, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar.

Ban kai ga zama a kan benci ba na ji fuu! Wuta ta fito ta kowane gefe. Na ji ihunsa. Wayyo, ihun nan! Ƙafafunsa kawai nake gani suna shure-shure. Na kama su na ja, rigarsa tana ci da wuta, na yi ta kashewa da hannuna, ban ma san ina ƙonewa ba. Mutane suka zo da yashi. Muna janye shi can gefe tankin ya fashe.

Daga asibitin gari aka ce a wuce da mu Kano. Ni hannu biyu aka naɗe min. Shi kuwa fuska da ƙirji da hannun dama, ga hayaƙi ya shiga huhunsa. Likita ya ce wa danginsa su yi ta addu'a kawai, ba zai iya cewa komai ba tukuna.

Abin da ya fi wutar ƙona ni shi ne godiya. Yayansa, Alhaji Sule, ya zo bakin gadona yana hawaye, ya ce, "Ɗan'uwa, ba don kai ba da gawayi za mu kwaso. Allah ya saka maka." Matar Malam Hamisu ta aiko min da kunu. Duk wanda ya shigo sai ya yi min sannu da ƙoƙari. Ni kuwa ina kwance na san ni na tura shi ƙarƙashin motar nan.

Kwana uku ban iya addu'a ba. Fasto ya zo ya ɗora min hannu, ko amin na kasa cewa. Har na riƙa cewa a raina, da ma ni ne a gadon can, da ma na mutu a wurin. Sai kuma wani mugun tunani ya zo min: in ya rasu, ai babu wanda zai taɓa sani. Ku ji irin zuciyar da nake da ita! Ni da nake waƙa a gaban majami'a kowace Lahadi!

Rana ta huɗu matata Rifkatu tana ba ni abinci a baki, na kawar da kai. Ta ce, "Baban Saratu, ba ciwon hannu ke damunka ba. Mene ne?"

Na faɗa mata. Ta ajiye cokali. Sannan ta ce, "Tashi mu je waje."

A bayan ɗakin majinyata, gindin wata bishiyar darbejiya, da tsakar rana, muka durƙusa. Ban yi wata doguwar addu'a ba. Kuka nake yi ina cewa, "Yesu, ni maƙaryaci ne. Kada ka bar mutumin nan ya mutu saboda ƙaryata. Yana da 'ya'ya, Ubangiji! Ka ji tausayi!" Ban ji murya daga sama ba. Amma na tashi na san abin da ya wajaba a kaina, kuma tsoro ya sake ni.

Na sami Alhaji Sule zaune a kan tabarma a baranda. Na durƙusa na ce, "Alhaji, ku daina gode min. Ya tambaye ni ko tanki na yoyo, na ce masa a'a, alhali na sani."

Ya dube ni. Ya ce, "Tashi daga gabana. In ya mutu, kai da Allah."

Na tashi. Kwana biyu ina zaune nesa da ƙofar ɗakin, duk lokacin da wata nas ta fito da sauri sai gabana ya faɗi.

Rana ta shida Malam Hamisu ya buɗe ido. Halleluya! Bayan kwana biyu ya ce a kira ni. Fuskarsa duk a naɗe, da ƙyar murya ke fita. Na fara magana, ya ɗaga hannun hagu.

"Yaya ya faɗa min," in ji shi. "Na ji warin mai kafin in kunna. Na yarda da bakinka, na ƙi yarda da hancina. Ka cuce ni, Ishaya." Ya ja numfashi. "Amma kai ka jawo ni. Je ka, na yafe maka."

Na fito ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Wata biyar ya yi kafin ya koma aiki. Yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa har yau, kuma ni ne sanadi, ba zan ɓoye ba. Motata ta ƙone, yanzu ta wani nake ja. Alhaji Sule kuwa har yanzu in na gaishe shi ba ya amsawa, kuma ban ga laifinsa ba. Ku taya ni addu'a a kan wannan.

Direbobin da ke cikinmu, ina roƙonku, kada ku bari a kai wuta kusa da tanki sai an sauke shi an kai shi nesa. Kaya su lalace, ba komai. Wanda kuma yake ɗauke da wani abu a zuci da ya hana shi addu'a, ya kawo wa Yesu yau, kada ya jira sai gobe. Yesu ya ji kukana ranar da ban cancanta ba, ya bar Malam Hamisu da rai, ya hana ni zama mai kisan kai. Na gode masa, na gode masa! Ku dogara gare shi. Amin.