Farar Motar Kifin da Ta Ci Baban Talatu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Ku yi haƙuri da muryata, yau ba ta da ƙarfi.

Sunana Rahila, matar marigayi Bulus, wanda kuka fi sani da Baban Talatu. Masu sayen kifi a bakin ruwan Yelwa sun san ni, don ba a yi mini shaidar sanyin baki ba. Amma akwai lokacin da bakin nan ya mutu murus, kuma a kan wannan lokacin na tsaya gabanku.

Sana'armu ɗanyen kifi ce. Jirage na isowa, mu sayi giwan ruwa da ragon ruwa a hannun masunta, mu danne da ƙanƙara, a ruga da su Kontagora, wani lokaci har Abuja, inda masu otal ke jira. Ɗanyen kifi ba ya jiran kowa. Da can motar haya muke bi, direba ya tsaya ɗaukar fasinja, ya tsaya cin abinci, ya tsaya gaisawa da surukansa, kafin a kai ƙanƙara ta zama ruwa, kifi ya kumbura. Shi ya sa muka ce sai mun yi tamu.

Ni da shi muka je wurin dillalin motoci, aka nuna mana guda uku. Akori-kura, bayanta a buɗe, rana za ta cinye ƙanƙara. Bas mai tagogi, ita kuma zafi ta gilashi yake shiga. Sai wata fara, bayanta a rufe ruf, ba taga ko ɗaya, raga ce kawai tsakanin direba da kaya, ga esi mai sanyi kamar randa. An shimfiɗa mata sabon katako a ƙasa, har da leda a kai.

Dillalin ya buga bayanta ya ce, "Wagga ta saba da kihi. Daga Kudu ta hito, kihin teku taka ɗauka. Ku dai kun yi sa'a."

Baban Talatu ba baƙon mota ba ne. Ya duba inji, ya duba baƙin mai, ya taka tayoyi, ya hau tudu da ita ya sauko. Ni kuma na shiga baya na ja ƙofa, na ji sanyi, na ce wannan ce. Muka kawo ta nan harabar coci aka yi mata addu'a. Wasunku sun sha lemon ranar.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kifinmu ya riƙa isa da jan jini a kumatunsa. Baban Talatu ya ɗauki wata ɗabi'a: ko ya tsaya a shingen hanya, ko yana jiran a sauke kaya, ba ya kashe mota, ba ya sauke gilashi, don kada sanyin ya fita.

Sai ya fara dawowa da ciwon kai. Ya ce kamar ana daka a ƙeyarsa. Ga jiri, ga tashin zuciya. Muka sha maganin zazzaɓi, muka sha na taifot, aka auna jini ba a ga komai ba. In ya huta ya warware, in ya koma hanya ya dawo jiki a mace.

Wata ranar damina, da tsakar rana, ruwa ya tare shi bayan Kontagora. Ya gangara gefen titi ya jira ya ɗauke. A nan wasu direbobi suka same shi zaune, kansa jingine da kujera, mota tana kunne. Ba rauni, ba jini. Kamar mai barci.

Wayyo, 'yan'uwa! Ranar ban san na iya ihu haka ba.

Muka kai shi ƙauyensu, can kan dutse bayan Wara, muka binne. Bayan makoki ƙaninsa Yohanna ya karɓi tuƙin, don yara biyu aka bar mini, Talatu da Iliya, kuma ciki ba ya makoki. A gidana Yohanna ya sauka, ni ke tuƙa masa tuwo.

Ba a daɗe ba shi ma ya fara riƙe kai. Ciwon yayansa sak. Ya tafi ƙauye wurin Inna, uwarsu, ya warke garau har yana noma. Ya dawo Yelwa, ya ci tuwona, ya kama hanya, ya kwanta. Ya sake komawa ƙauye, ya sake miƙewa.

To, ku da kanku, me za ku ce?

Abin da dangi suka ce ke nan. Aka kira ni ƙauye, aka zaunar da ni a ƙasa tsakiyar gida. Baba Magaji, wan mahaifinsu, shi ne babba, kuma shi bai bar addinin kakanni ba. Bai ɗaga murya ba ma, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Rahila, kin ci guda mun yi shiru. Yanzu kin ɗora tukunya kan na biyu. Ɗiyan ga jininmu ne, ba mu barin su hannunki. Ki koma gidan ubanki."

Na juya wurin Inna, matar da ta yi mini wankan jego da hannunta. Na ce, "Inna, ke ma?" Ta ja zanenta ta rufe fuska.

Mayya. Sunan da na dawo da shi Yelwa ke nan, kuma ya riga ni isowa. A bakin ruwa, matan da muke cin goro ɗaya suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce. Masunta suka daina kirana in jirgi ya iso. A cocin nan ma, bencin da nake zama ya yi faɗi, ni da yarana kawai, kamar mun saye shi. Ban faɗa don in kunyata kowa ba. Tsoro ne, na sani.

Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina na fara shakkar kaina. An ce akwai masu maita ba su sani ba. Nakan dubi hannuna ina tuƙa tuwo in ce, ko dai? Na daina ɗanɗana wa Iliya abinci da cokalina. Addu'a ta ƙi fita. In na buɗe baki sai kuka.

Ranar da aka sa za a tafi da yaran ƙauye ta zo. Da safe Yohanna ya kawo motar ƙofar gida, shi da Baba Magaji a gaba. Yara za su zauna a baya tare da kayansu. Yohanna ya bar ta a kunne kamar yadda ya koya wurin yayansa, ko kallona bai yi ba.

Na ce a bar ni in shimfiɗa musu tabarma da kaina. Na shiga bayan motar, na ja ƙofa don kada Talatu ta ga fuskata. Na durƙusa, na kifa goshina a kan katakon nan, na ce, "Yesu, ba ni da kowa. In ni ce, ka ɗauke ni yanzu, yaran nan su huta. In ba ni ba ce, ka yi magana, don ni bakina ya ƙare."

Ban san tsawon zaman da na yi a haka ba. Sai na ji wani ɗumi yana hura mini kumatu daga ƙasa, kamar numfashin dabba. Kaina ya fara sarawa a ƙeya, daidai inda Baban Talatu yake nunawa. Na yunƙura in tashi, gwiwata ta burma. Ruwan ƙanƙara ya riga ya ruɓar da katakon. Na ɗaga ledar, sai ga ƙasar ƙofar gidana ina kallo ta cikin mota, ga baƙin hayaƙi yana shigowa.

Na faɗo waje ina tangaɗi. Na rungume yarana na ce, "Ba mai sa su cikin motar nan sai ya bi ta kan gawata! Yohanna, zo ka gani!"

Ya zo a fusace. Ya leƙa. Ya sa ƙarfe ya ɓalle katakon gaba ɗaya. Ƙasan motar ya zama rariya. Ruwan gishirin kifin teku ya cinye ƙarfen tun kafin ta zo hannunmu, aka rufe da sabon katako. Salansar motar kuma, wato bututun hayaƙi, ta tsage daidai ƙarƙashin ramin.

Malam Sani mai walda, maƙwabcinmu, ya fito jin hayaniya. Ya duƙa ya duba, ya miƙe yana salati. Ya ce, "Wanga ai kamar ka kwana da janareta cikin ɗaki ne. In tana gudu iska na rage shi. In ta tsaya a kunne, gilashi a ruhe, shi ke nan."

Yohanna ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka, yana kiran sunan yayansa. Baba Magaji ya daɗe yana kallon ramin. Ya tafi tasha ya hau motar haya shi kaɗai.

Halleluya! Ku taya ni cewa Halleluya, ko da muryata ba ta kai ba.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Har gobe ina tambayarsa, me ya sa bai nuna mini ramin nan tun Baban Talatu yana da rai ba? Bai ba ni amsa ba tukuna. Mijina yana kwance kan dutse, motar tana ajiye a bayan gida ba inji, don na rantse ba za a sake rufe ta da katako a sayar wa mijin wata ba. Inna ta aiko da dawa, amma ba ta iya haɗa ido da ni. Raunin bai warke ba.

Duk da haka na gode wa Ubangiji da dukan zuciyata. Lokacin da ba mai tsaya mini, har ni kaina, shi ya tsaya. Duk wanda aka ɗora wa abin da bai yi ba, kada ka saki Yesu. Ko ba ka da kalmomi, durƙusa, yana ji.

Talatu, Iliya, ku miƙe jama'ar Allah su gan ku. Kada ku ji kunya, ku miƙe.

Ga su nan. A ɗakina suka kwana jiya, yau ma a ɗakina za su kwana. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.