Jaririn da ya makara da kuka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Galma.

Watan jiya naƙuda ta yi mini tsanani a asibitin Madawa, aka yi mini allurar kashe ciwo mai ƙarfi. Yaro ya faɗo shiru, lumfashi da ƙyar. Innata ta kama salati. Ungozoma ta ce mata, "Kwantar da hankalinki, Inna, allurar ce ta kai gare shi." Ta murza bayanshi, ta hura mishi iska, sai ya tsala kuka. Yanzu har maƙwabta ke roƙon ya sassauta!

'Yan'uwa mata, maganin da ke kwantar da babba kan danne lumfashin jariri, a bar wa likita shi. A gaishe mini da ƙawata Rabi a Babankatami.