Amaryar da Rozi Ali Ya Goyo

An ɗaura wa ƙanƙara mace aure da ƙanƙara namiji, bisa al'adar ƙauyen su Rozi Ali, don ta haifar musu ruwan noma, amma shekaru sun shuɗe ko ɗigo babu. A tashar motar garin Skardu Rozi yake kai kukansa ga wani tsoho.

"Baba, ni na goyo amaryar daga ƙololuwar dutse. Kamar yadda al'ada ta ce, ban yi magana ba, ban dire kwandon da take ciki ba, har muka binne ta da angon a kogo."

"Amaryar wace kala ce?"

"Baƙa, duk tsakuwa."

"Kai, sakarai! Ai macen fara ce fat! Ƙarti biyu ka binne kana jiran suna?"

"Baba, rage murya mana!"

Ina! Direban motar ƙauyensu ya riga ya ji. Ranar Juma'a aka yanka bijimin Rozi ɗaya tilo a matsayin tara, aka yi wa masu neman sabuwar amarya guzuri.