Hancin Mota Ya Koma Sama

Mai girma shugaban taro, shugabar ma'aikatan jinya, manyan baƙi, 'yan'uwana direbobi da makanikai, iyayena maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba direba dama ya tsaya inda likitoci ke tsayawa. Zan yi magana a kan baƙin bututun nan da ake ɗaura wa motocinmu masu ja da ƙafa huɗu, wanda ke hawa ta gefen gilashi har saman rufi. Inji yana numfashi kamar mutum, sai dai hancinsa a ƙasa yake, kusa da taya. Aikin bututun shi ne ya mayar da hancin sama.

Shekara goma sha tara ina tuƙa motar rigakafi. Damina uku da suka wuce, makanikenmu ya ba ni shawarar a sa mata bututun. Na yi dariya, na ce masa kwalliya ce ta masu yawon buɗe ido, ni na san kowane rafi kamar tsakar gidana. Bai ja da ni ba, ya goge hannunsa ya rufe murfin inji.

Wata safiya muka ɗauki akwatunan sanyi huɗu na allurar ƙyanda, ni da malamar jinya, za mu wani ƙauye a ƙetaren rafi. Ruwan bai wuce cinyata ba. Muna tsakiya injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu, ya shaƙi ruwa, ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe. Muka ɗauko akwatunan a ka zuwa gaɓa. Ba waya, ba inuwa, ba mai wucewa. Awa tara muna kallon ƙanƙarar akwatunan tana narkewa, malamar ta cire mayafinta ta jiƙa ta lulluɓe su, amma a banza. Allurar ta lalace. Kafin a gyara mota a samo wata allurar, mako shida sun shuɗe, ƙyanda kuwa ba ta jira mu ba. Ta ɗauki yara uku.

Don haka ku saurare ni. Na farko, bututun yana hana inji shan ruwa, motar da ba ta sha ruwa ba kuwa ita ke isa inda ake jiranta. Na biyu, ko da rani, idan muna tafe a jere, ta gaba tana tayar da ƙura ta baya tana haɗiya. Wadda hancinta ke sama iska mai tsabta take samu, matatarta ba ta saurin toshewa, injinta yana daɗewa. Na uku gargaɗi ne ga 'yan'uwana direbobi: bututu ba ya mayar da mota jirgin ruwa. Idan ka zo rafi, ka sauka, ka shiga da sanda ka auna zurfinsa. Idan ruwan yana ture ka, zai ture motar. Kuma a bar makanike ya liƙe kowace mahaɗa, domin ƙaramar kafa ta isa.

Roƙona ga shugabanni, kada motarmu ko ɗaya ta shiga damina mai zuwa ba tare da shi ba.

Ranar da muka koma ƙauyen, wata uwa ta zo ta tsaya a gefen tagata, bayanta babu goyo. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam direba, ran nan mun jira ku a gindin bishiya har rana ta faɗi. Lafiya dai ko?” Ni take tambaya lafiya.

Allah Ya jiƙan yaran nan, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya yafe mana gangancinmu. Allah Ya tsare kowane direba da abin da ya ɗauko, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.