Makullan Ƙofar Jami'a

A bencin asibiti, wata uwa tana rungume da takalmin ɗanta ƙafa ɗaya. Dattijon da ke gefenta, hannunsa naɗe da bandeji, ya ja tsaki.

"Ɗaliban nan ba su da mutunci. Dubi yadda suka jefe ni."

"An ninka musu kuɗin makaranta, malam, guɗa kake so su yi?" ta ce. "Nawa ɗan yana ciki, tattake shi aka yi a ƙofar jami'a. Suna gudun barkonon tsohuwa, wani marar imani ya kulle ƙofar."

"Umarni aka ba shi, baiwar Allah."

"Kai ina ka sani?"

Sai lokacin ta lura da tarin makullai a ƙugunsa.

"'Yata ma tana cikinsu na kulle," ya ce, kansa a ƙasa. "Ita nake jira."