Ranar da Na Sauka Rijiyar Wurogauri

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Bawa, mutumin ƙasar Kalgo. Gidanmu mahaƙa rijiya ne tun kakanni. Ina ƙarami rijiya ta rufta da ubanmu a Ceberu, ko gawarsa ba mu gani ba. Da aka je wurin boka, ya ce aljanun ƙarƙashin ƙasa suna ɗaukar namiji daga gidanmu lokaci lokaci. Ya nuna ni da yatsa, ya ce ni ne na gaba.

Da maganar nan na girma. In na leƙa rijiya sai in ja da baya, ƙafafuna su ƙi matsawa. Layu har sun yi mini nauyi a ƙugu, ba su hana ni rawar jiki ba. Yayana Manu shi ke sauka, ni ina sama ina jan ƙasa da igiya. Mata masu ɗiban ruwa har suna suka sa mini, wai mahaƙin sama. Ina jin kunya ƙwarai, amma tsoron ya fi kunyar ƙarfi.

A zamanin da Nasara suka fara gina bariki a ƙasar Gwandu, na haɗu da wani kafinta Banufe mai suna Ndagi, mai bin Yesu. Shi ke gyara mana itacen bakin rijiya. Wata rana na faɗa masa abin da ke cina. Ya ce, "Bawa, wanda ya halicci ƙasa bai ba ta ikon zaɓen kowa ba. An sa Yesu a kabari, ƙasa ta kasa riƙe shi. Ranka a hannunsa yake." Maganar ta yi mini daɗi a kunne, amma ba ta kai ƙafafuna ba.

Da bazara aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a Wurogauri, Ndagi yana tare da mu. Al'adar gidanmu, kafin a shiga tsohuwar rijiya sai an zura kaza a kwando. In ta fito matacciya, mukan ce aljanu sun karɓi rabonsu, mutum ya sauka lafiya. Ranar kuwa kazar ta fito ba rai.

Manu ya ce, "Sun amsa. Yau ba abin da ka taɓa mu."

Ndagi ya tare shi. "Kada ka sauka! Abin da kaza ta shaƙa ta mutu, shi za ka shaƙa."

"Kai baƙo na, ba ka san aikinga ba," in ji Manu. Ya ɗaura igiya ya sauka.

Ba a jima ba na ji igiyar ta yi sako-sako a hannuna. Na kira shi, shiru. Na jawo, ta zo ba kowa. Wayyo 'yan'uwa, sai na yi ta ihu ina kiran jama'a!

Mutane suka taru, ba mai niyyar shiga. Ndagi ƙato ne, rijiyar ba za ta ɗauke shi ba. Ya sa aka ɗaure rassan ganye ana zurawa ana fizgowa, ana kwara ruwa ta gefe, don sabuwar iska ta sauka. Sannan kowa ya juyo yana kallona. Wata tsohuwa ta kwarma ihu, "Kak ku bari Bawa shi shiga! Shi sunka daɗe suna jira!"

Na durƙusa. Ndagi ya dafa kafaɗata ya ce in yi addu'a da bakina. Ban iya addu'a ba. Abin da na ce kawai, "Yesu, tsoro nake ji. In gaskiya ne ƙasa ba ta da iko a kaina, riƙe ni in ɗauko ɗan'uwana."

Tsoron bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ƙafafun da ba su taɓa yarda ba suka miƙe.

Aka zura ni da igiya biyu. Duhu, zafi, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Kaina na juyawa, ina ta kiran sunan Yesu a zuci. Na laluba na taɓa Manu zaune cikin laka. Na ɗaure shi ta hammata, na girgiza igiya. Aka ja shi, aka ja ni.

Da na dawo hayyacina, Manu na kwance ana yayyafa masa ruwa, ba ya motsi. Na riƙe ƙafarsa ina kuka. Can sai ya yi tari! Ya buɗe ido ya ce, "Wa yah hiddo ni?"

Aka ce, "Bawa na."

Ya ce, "Wane Bawa?"

Mutane suka fashe da dariya, hawaye na zuba. Yabo ga Ubangiji!

Daga baya na karɓi baftisma, na kuma koyi haƙa tun daga tushe kamar sabon shiga. Na zama mai sauka, ana aiko mini har daga Malisa. Rijiyar da kaza ta mutu a ciki kuwa, ban sake barin kowa ya shiga ba sai iska ta gyaru.

Na gode wa Yesu da ya cire maganar boka daga zuciyata. Ɗan'uwa, in akwai wata magana da aka ɗora maka tun kana yaro, ta hana ka aikinka, kawo ta gabansa ko da jikinka na rawa. Dogara gare shi. Manu ya tsufa, ya ga jikokinsa, a shimfiɗarsa ya rasu ina riƙe da hannunsa. Amin.