Marigayi Ya Gane Akuyarsa

A rumfar masu firam ta kasuwar Wuse, Yamusa direba yana rungume da wani zane da Madam ɗinsa ta Maitama ta saya: akuya ruwan hoda sanye da tabarau. Wani mutum da fenti ya ɓata har gwiwar hannu ya tsaya a kansa.

"Oga, ina ka samo akuyata?"

"Wace akuyarka? Wannan bugu ne na musamman, kaɗan aka buga a duniya. Wanda ya zana ya rasu."

"Ni ne Maude. A ƙarƙashin gada na zana ta, kafin hukuma ta shafe bangon."

Yamusa ya dubi sa hannun da ke ƙasan zanen, ya ga an rubuta Maude, ya dubi mutumin. Ranar Asabar Madam za ta tara baƙi su ga aikin marigayi, kuma duk wanda ya kai mata mummunan labari a ranar yake barin aiki.

"Malam, ka rufa min asiri. Don ka mutu ta saya. Yarana suna makaranta."

"Me aka ce ya kashe ni?"

"Faɗowa daga tsani, kana fenti."

"Ni ko tsani ba ni da shi! An yi kuka?"

"Madam ta yi, wallahi, har kwalliyarta ta ɓaci."

Maude ya sosa ƙeya.

"Ina raye ko ruwa ba wanda ya ba ni. To, na mutu. Amma ka faɗa mata marigayin ya bar zanen zakara biyu, jibi za su bushe."